Farfaɗo da Jukebox: Gyara ko Kwaskwarima?

A Amurka da Ingila akwai masu sana'ar da aikinsu shi ne farfaɗo da jukebox, akwatin kiɗan nan da ake jefa wa kuɗi ya zaɓo faifai ya kaɗa. Asalinsa tun 1889 ne, lokacin da Louis Glass ya girka garmaho mai karɓar kuɗi a wata mashaya a San Francisco, amma bayan Yaƙin Duniya na Biyu ne kasuwarsa ta kai ƙololuwa. A 1946 kamfanin Wurlitzer ya fito da samfurin 1015 mai ɗaukar fayafayai 24, aka ƙera kimanin 56,000. A 1948 Seeburg ya zo da M100A mai waƙa 100 daga fayafayai 50. Irin waɗannan ne ake tonowa yau daga rumbunan ajiya, sun sha ƙura da tsatsa.

Dokar farko a wurin gwanaye ita ce kada a yi gaggawar jona injin da wuta. Injin da ya shekara arba'in a ajiye, giris ɗinsa ya daskare kamar ƙaro, robar wayoyinsa ta tsattsage, kafasitocin amfilifayarsa sun bushe. Wanda ya kunna shi a haka zai iya ƙona transifoma, wadda samun irinta sai an sha wuya. Don haka ake kwance sassan injin ɗaya bayan ɗaya, a wanke tsohon giris, a goge bakin kowane makunni, a sauya kafasitoci da wayar wuta, sannan a riƙa ƙara masa wuta kaɗan-kaɗan ana sauraro, ana kuma sansana ko wani abu na ƙauri.

Sai daidaita hannun da ke ɗauko faifai. In ya kauce ko da kaɗan ne, ya ɗauko waƙar da ba a zaɓa ba, ko ya fasa faifan. Allura in ta yi nauyi ta cinye layin waƙa. Har wutar ƙasa tana da tasiri: motar injin Amurka an yi ta ne don wuta mai bugu 60 a daƙiƙa, ta Turai kuwa 50 ce, irin tamu. In ba a sauya giya ba, faifan da ya kamata ya zagaya sau 45 a minti zai tsaya a wajen 37, muryar mawaƙi ta yi kauri tana jan ƙafa.

A nan ne masu sana'ar suka rabu. Wasu sun fi damuwa da ido: sabon fenti, ƙarfe mai ɗaukar ido, da bututun gilashin 1015 mai ruwan sinadari da ke tafasa da ɗan zafi kaɗan yana fitar da kumfa. Wasu ma sukan kwashe kayan cikin gaba ɗaya, su dasa lasifikar Bluetooth. Akwai kuma masu tsaurin ra'ayi da ba su yarda a taɓa ko ƙusa ɗaya ba, ko da injin ba zai ƙara motsi ba.

A ganina duka ɓangarorin biyu sun kauce. Wanda ya kwashe ciki ya bar kwanko, ya zubar da basirar da ta sa akwatin ya zama abin tarihi. Wanda ya hana sauya ruɓaɓɓiyar waya kuma ya hana injin yin aikin da aka ƙera shi dominsa, ga haɗarin gobara. Darajar jukebox tana ga abin da yake yi a bainar jama'a: mutum ɗaya ya jefa kuɗinsa, ya danna lamba, kowa yana kallon faifai na tashi, duk ɗakin ya saurari zaɓinsa.

Ma'aunin gyara na gari shi ne a sauya abin da dama mai ƙarewa ne, wato roba da giris da kafasita da allura, a riƙe duk abin da zai gyaru, a kuma rubuta abin da aka sauya don mai gyara na gaba. Masu adana tsofaffin garmaho da fayafayan mawaƙanmu ma suna buƙatar wannan ƙa'ida, domin faifan da babu injin kaɗa shi waƙarsa ta kama hanyar ɓacewa.