Alƙalamin da Bakinsa Ba Ya Bushewa: Nazari kan Zane da Allon Kwamfuta

Linzamin kwamfuta ba don zane aka yi shi ba. Aikinsa nuni ne: ka kai kibiya kan abu, ka danna, ka saki. Bai san ko da ƙarfi ka danna ko a hankali ba, bai kuma san inda yake a kan tebur ba. Iyakar saninsa an tura shi hagu ko dama, gaba ko baya. Shi ya sa gwanin da ya shekara talatin yana zana fuskokin mutane, in ka miƙa masa linzami ka ce ya sa hannu kawai, abin da zai fito ba zai yarda nasa ba ne. Wannan giɓi allon zane na kwamfuta ya zo ya cike. Faranti ne shafaffe da ake jona wa kwamfuta, da alƙalaminsa, kuma kowane gurbi a kansa yana da takwaransa a fuskar kwamfutar. Kusurwar sama ta dama ita ce kusurwar sama ta dama yau da gobe, don haka hannu yana iya haddace wuri kamar yadda yake yi a takarda.

Tunanin ya girmi kwamfutar da muke ajiyewa a gida. A 1964 cibiyar bincike ta RAND da ke Kalifoniya a Amurka ta fito da wani allo mai inci goma tsawo da faɗi, ana rubutu a kansa da alƙalami mai igiyar waya. Kayan ɗakin bincike ne. A 1981 kamfanin Quantel na Ingila ya fitar da na'urar zane mai suna Paintbox, wadda a lokacin sai manyan gidajen talabijin ke iya sayenta. Wanda ya sauko da abin zuwa teburin mai zane shi ne Wacom, kamfanin da aka kafa a Japan a 1983, wanda kafin shekarun 1980 su ƙare ya fito da alƙalamin da ba shi da igiya, ba shi da batir, kuma yana jin nauyin hannu. Jerin allunansa na Intuos ya fito a 1998, sai Cintiq a 2001, wanda shi allon da kansa fuskar kwamfuta ne, a kan hoton kake zanen kai tsaye. Apple ya shigo da nasa alƙalamin a 2015.

Yadda alƙalami marar batir yake aiki ya cancanci a ɗan tsaya a kai, domin a nan dabarar take. A ƙarƙashin fatar allon akwai saƙar wayoyi sirara, na tsaye da na kwance. Saƙar tana aika ƙarfin maganaɗisu sama, sannan ta yi shiru ta saurara. A cikin alƙalamin akwai naɗin waya da ke karɓar wannan ƙarfi ya mayar da amsa, kuma daga wayoyin da suka fi jin amsar ne allon yake gane inda tsinin yake. In ka danna, tsinin ya ɗan shige ciki, amsar sai ta canja, allon ya fassara canjin da cewa hannu ya yi nauyi. Aikawa da saurarawar nan ana yin su fiye da sau ɗari a daƙiƙa guda. Shi ya sa ko alƙalamin bai taɓa allon ba, yana shawagi a ɗan sama da shi, za ka ga kibiya tana binsa. Masu kyau daga ciki har karkatar alƙalamin suna ji.

Nauyin hannun nan shi ne ran al'amarin gaba ɗaya. Layin da mutum ya ja ba kaurinsa ɗaya daga farko zuwa ƙarshe ba. Yana farawa siriri, ya cika a tsakiya, ya sake ramewa inda hannu ya fara tashi, kuma yadda yake cika da ramewa ya bambanta daga mutum zuwa mutum kamar yadda murya ta bambanta. Allon zane shi ne na'urar da ta ba kwamfuta damar jin wannan. Kamfanoni suna gasa da lissafin matakan nauyi: daga 256 aka tafi 1024, 2048, har 8192 da abin da ya fi haka. A ganina yawancin wannan lissafi na talla ne. Hannun ɗan Adam ba ya rarrabe matakai dubu takwas. Abin da mai zane yake ji a jikinsa shi ne ko alƙalamin yana amsa shafa mafi sauƙi, irin wadda da ƙyar ta taɓa allon, da kuma ko ya saita manhajarsa ta dace da nauyin hannunsa shi kansa. Mai hannu da nauyi da mai hannu sakayau bai kamata su yi aiki da saiti ɗaya ba, amma da yawa ba su taɓa buɗe wurin saitin ba.

Mai koyo da allon da ba shi da fuska yana fara cin karo da wani abu da bai saba ba: hannu yana ƙasa, ido yana sama. Tun yana yaro idonsa ke bin tsinin fensir, yanzu an raba su. Kwanakin farko da'ira takan fito kamar ƙwai, wani lokaci laifin hannu ne, wani lokaci kuma don ba a daidaita faɗi da tsawon allon da na fuskar kwamfutar ba. Wannan yana wucewa. Har ma akwai riba a ciki, don hannu ba ya rufe maka abin da kake zanawa, kuma kana zaune kai a miƙe, ba a sunkuye ba. Allon mai fuska ya fi saurin sabo, amma santsin gilashi da ɗumin na'urar da ciwon wuya suna nan suna jira.

Damuwata ba a nan take ba. Tana wurin abubuwan da manhaja ta sauƙaƙa.

Na farkonsu maɓallin warware aiki. Ka ja layi, bai yi maka ba, yatsun hagu su taɓa Ctrl da Z, ya ɓace kamar ba a yi ba. Ka lura da hannun hagun matashin mai zane: a kan maɓallan nan biyu yake kwana. Zai ja layin haɓar mutum sau ashirin, ya goge goma sha tara, ya bar wanda ya faɗo daidai. Zanen zai yi kyau, ba musu. Amma layin da ya bari sa'a ce ta kawo shi, kuma hannun bai koyi komai daga goma sha taran da aka goge ba, domin ido bai tsaya ya ga inda suka karkace ba. A makarantar allo ma ana wanke rubutu, sai dai ba a wankewa sai an biya an haddace. Wankin yana zuwa ne bayan karatun ya zauna. A allon kwamfuta ana wankewa kafin a karanta. Mai aiki da tawada a takarda, wanda ya san in ya ja layi bakin alƙalami ya bushe, dole ya ga layin a zuciyarsa kafin ya sauke hannu, kuma wannan ganin shi ne rabin sana'ar.

Zuƙowa ma haka take, ko da yake ɓarnarta daban ce. Manhaja tana barinka ka zuƙo ƙwayar ido har ta cika fuskar kwamfuta, ka ɓata awa guda kana gyaran gashin gira, sannan ka janye baya ka tarar kan ya fi ƙarfin kafaɗun. Takarda tana tilasta maka ganin aikin dukansa a kowane lokaci. Akwai kuma saitin da ke kashe rawar hannu, yana miƙar da layi yana goge masa gargada. Ga wanda hannunsa ke karkarwa saboda ciwo ko tsufa wannan rahama ce, kuma ina murna da samuwarsa. Ga mai lafiyar hannu da ya ɗaga shi ƙarshe, abin da yake yi shi ne ya sayi na'urar da za ta ji hannunsa, sannan ya umarci manhaja ta share abin da ta ji.

Ban ce a koma takarda a zauna ba. Falle-fallen da manhaja ke bayarwa, inda zanen farko yake a falle guda, layi a wani, launi a wani, kowanne ana iya taɓa shi ba tare da an ɓata ɗan'uwansa ba, sun canja aikin masu zanen bangon littafi da fosta da labaran zane ta hanyar da ba wanda zai so a janye. Photoshop ya shigo da su a 1994. Mai littafi ya ce a mayar da gyalen jarumar daga ja zuwa kore, aikin minti biyu ne, a da kuwa sabon zane ne. Wanda ba shi da kuɗin fenti da ƙyalle yana iya gwada launi ɗari bai kashe kobo ba. Sai dai ya tuna launin fuskar kwamfuta haske ne, na maɗaba'a kuwa tawada huɗu ce ake gaurayawa, kuma shuɗi da kore masu ƙyalli su ne suka fi dusashewa in an buga.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne bakin alƙalamin da ke cikin manhaja, wato buroshi. Alƙalamin roba ɗaya ne, amma manhaja ce ke faɗin irin sawun da zai bari, kuma kowace manhaja da gidan da ta fito. Clip Studio Paint ta kamfanin Celsys na Tokyo an gina ta ne don masu zanen manga, littattafan labaran zane na Japan, shi ya sa alƙalaminta na farko kwaikwayon bakin ƙarfen da suke tsomawa a tawada ne, mai fita siriri ya kumbura ya koma siriri. Sauran manhajoji cike suke da fentin ruwa da fentin mai na Turai. Matashi a Kano ko Damagaram ko Kumasi ya buɗe, ya ɗauki abin da ya tarar, ya koyi zane daga bidiyon waɗanda su ma da shi suka koya. Sakamakon shi ne manyan idanu, ɗan ƙaramin hanci, haske mai sheƙi a kumatu, a ɗora wa yarinyar ɗankwali a sa mata sunan Hausa. Kayan jikinta namu ne, layin da aka zana ta da shi na wasu ne.

David Hockney, mai zanen Ingila da aka haifa a 1937, ya nuna wata hanyar. Ya gwada Paintbox tun tsakiyar shekarun 1980, ya koma zane a iPhone yana tura wa abokansa furanni da safe, sannan a iPad ya zana shigowar bazara a gabashin Yorkshire a 2011, aka buga zanen manya-manya aka rataye a Royal Academy ta Landan a 2012. Bai ɓoye cewa na'ura ce ba. Ɗige-ɗigen da zarge-zargen layukan a fili suke, ba su yi shigar fentin mai ba. Abin da ya nema a wurin na'urar sauri ne, ya kama hasken safiya kafin ya juya, kuma duk wanda ya san aikinsa na fenti zai gane hannun nan take, domin shekara hamsin na kallo ya kawo wa allon.

Mu ma muna da abin kawowa, kuma a kusa yake. Alƙalamin kara da alaramma ke fiƙewa da reza ya tsaga bakinsa yana da sawun da ba ya cikin kowace manhaja: layi mai kauri, mai nauyi, baƙi wuluk inda aka tsomo tawada, yana ɗan kodewa kafin a sake tsomawa. Da shi aka yi rubutun Kano mai jiki, da wasulla ja, da zayyanar allon sauka. Akwai layin magina a bangayen Zariya da Kano da Damagaram, mai tudu da kwari, da layin mai zanen hula da na mai zanen babbar riga kafin a ɗora allura. Krita, wadda kyauta ce, da Photoshop da Procreate duk suna barin mutum ya ƙera buroshinsa. Za ka iya jan layuka da alƙalamin kara na gaske, ka ɗauki hotonsu, ka ciro siffar bakin, ka saita shi ya riƙa juyawa da karkatar alƙalamin lantarki, ka rage masa amsa nauyin hannu tunda kara ba ya buɗewa kamar bakin ƙarfe. Amma wanda bai taɓa zama gaban marubuci ya ga yadda yake riƙe karan yana juya takarda ba, ba zai san abin da zai saita ba.

Kuɗi ya daina zama katangar da yake a da. Kamfanonin Sin irin su Huion da XP-Pen suna sayar da alluna masu alƙalami marar batir a farashin da ya yi ƙasa sosai da na Wacom. Ƙaramin allo marar fuska ba ya buƙatar soket, daga kwamfutar yake shan ɗan abin da yake sha, da yawansu kuma suna aiki da wayar Android da manhaja irin ibisPaint. A inda wuta ke zuwa tana tafiya, wannan ya fi yawan matakan nauyi muhimmanci. Illar ƙaramin allo ita ce yana koya wa mutum zane da wuyan hannu kaɗai, alhali dogon layi daga gwiwar hannu da kafaɗa yake fitowa, kuma wuyan hannun da aka bar wa aikin duka yakan kai ƙara bayan 'yan shekaru.

Tun 2022, da manhajoji irin su Midjourney da Stable Diffusion suka fara fitar da hoto daga jimlar da aka rubuta musu, tambayar hannu ta zama tambayar abinci. Hoto mai sheƙi, marar gargada, mai kama da na kowa, shi ne ainihin abin da waɗannan manhajoji suka fi iyawa, kuma cikin daƙiƙoƙi. Kamfanin da ke yin Procreate a Tasmaniya ta Ostireliya ya bayyana a 2024 cewa ba zai saka irin wannan fasaha a manhajarsa ba. Manhajar tasu tana naɗe aikin mai zane daga layin farko zuwa na ƙarshe a matsayin gajeren bidiyo, kuma masu zane da dama yanzu suna haɗa wannan bidiyo da aikin in za su miƙa wa mai shi ko su sa a intanet, shaidar cewa mutum ne ya zauna ya yi.