Ranar da Fijo 504 ta karkata

Fijo 504 ta fito daga Faransa a 1968, aka zaɓe ta gwarzuwar motar Turai a 1969, sannan kamfanin PAN na Kaduna ya ci gaba da haɗa ta shekaru da dama bayan Faransawa sun daina. Waɗanda suka rage a kan titi yanzu duk sun manyanta, kuma tsufan mota a ƙafa yake fara bayyana: goshi ya sunkuya, gefe ɗaya ya kwanta, taya na gogar madigadi a kwana.

Mai gaggawa yana gani zai ce shokabzoba ce, ya tura yaro Panteka ko Ƙofar Ruwa ya sayo sabuwa, a ɗaura, mota ta fita a karkace yadda ta shigo. Gwani kuwa zai ce, "Alhaji, a bari mu auna tukuna." Ya san cewa sifirin, wato murɗaɗɗen ƙarfen nan da ke zagaye da shokabzoba, shi ke ɗauke da nauyin mota. Aikin shokabzoba hana ta rawa ne kawai bayan ta faɗa rami. A gaban 504 an haɗa su biyun a sanda guda, tsarin da ake kira MacPherson, shi ya sa ido ke ɗora wa ɗaya laifin ɗayan.

Kafin ya taɓa sifana, sai ya kai motar daɓe mai shafe, ya daidaita iskar tayoyi huɗu, ya sa a kwashe kayan but. Ya tura ta gaba kaɗan, ya dawo da ita, don ƙafafun su zauna inda suka saba. Sannan ya ɗauko tef. Ba daga ƙasa yake aunawa ba, daga tsakiyar wili ne zuwa bakin madigadi, domin sudaddiyar taya tana iya yi wa awo ƙarya. Kusurwa huɗu yake aunawa ko da gaba aka kawo ƙara, kuma a nan ne nake jinjina masa. Mota kamar tebur ce mai ƙafa huɗu: idan sifirin ɗin baya na hagu ya gaji ya zauna, gaban dama sai ya ɗago. Mai motar na nuna gaba, ciwon na can baya. Ga 504 da ta shekara tana jigilar fasinja da buhuna, wannan ba abin mamaki ba ne.

Daga nan ya danna kusurwar da ƙarfinsa ya saki. Ta taso ta tsaya, lafiya lau. Ta ci gaba da lilo, shokabzoba ta mutu, sau da yawa ma za a ga mai ya jiƙa jikinta, ƙura ta manne. Ya shafa tafin hannu a fuskar taya: cinyewar gefe ɗaya na nuna ƙafar ta kauce daga saiti, tudu da kwari kuwa tayar ce ke tsalle a titi.

Sai jak, tare da tokara mai ƙarfi, don gwani ba ya miƙa ransa ga jak kaɗai. Ya kama taya sama da ƙasa ya girgiza. In akwai wasa, ko boris ne ko boljoyin, gaɓar nan mai kan ƙwallo da ƙafar ke juyawa a kanta. Wanne ne? Ya ce wa yaronsa, "Kai, taka birki." Wasan ya ɓace, boris ne, ya ci gaba, boljoyin ne. Ya sake kamawa hagu da dama, nan kuma tayarod ce ke magana, sandar da ke isar da umarnin sitiyari. Ya zura liba ya ɗan tunkuɗa kowane bushin, ya haska sifirin da tocila tun daga sama, ya fi daɗewa a zagayen ƙarshe na ƙasa, inda laka da tsatsa ke taruwa, inda ƙarfen kan karye ya kwanta a mazauninsa ba a lura ba. Ya buɗe bonet ya duba robar da ke riƙe kan sandar shokabzoba da ƙarfen da ke kewaye da ita. In har yanzu lissafin bai fita ba, ya kwance gefe ɗaya na sandar da ke haɗa ƙafafun biyu don rage tangaɗi a kwana. Motar ta miƙe, to sandar ce ta lanƙwashe.

Akwai masu cusa guntun roba tsakanin zagayen sifirin a ce an gyara. Gwani kuwa sifirin biyu yake canjawa, hagu da dama tare, kuma da na'urar matse sifirin ta gaske, domin ƙarfen da ke ɗauke da inji in ya suɓuce yana iya karya hannu ko muƙamuƙi. Notocin bushin ba ya ƙarasa ɗaure su sai motar ta sauka ta zauna a kan tayoyinta. In aka ɗaure su ƙafa na reto a sama, robar za ta murɗe, motar ta tsaya da tsayi fiye da kima, bushin ɗin kuma ya yage da wuri. Ya zaga da ita unguwa, ya dawo daɓen, ya maimaita awon nan huɗu, sannan ya tura ta wurin masu saita taya.