BOKO BA BUK BA CE

'Yan'uwana mata, akwai wata magana da ta daɗe tana yawo, daga Gesse har Argungu, a bakin malaman makaranta da masu surutu a rediyo: wai kalmar boko daga Turanci muka aro ta, daga sunan littafi da Bature ke kira buk. Jaridun Turai da Amurka ma sun yi ta maimaita haka tun rikicin Maiduguri na 2009. Ni dai ban yarda ba.

Ku duba madafa kawai. Mai dafa wa Bature abinci, kuk suke ce masa, mu kuma muka ce kuku. To da buk muka aro, ai buku za mu ce. Ina ruwan buku da boko? Gaskiya ne a tsohon Turancin Ingila, shekaru dubu baya, kalmar tana fita kamar bok, amma Turawan da suka ci Sakkwato a 1903 ba da wannan bakin suka zo ba.

Kuma wace mace ce ba ta san amaryar boko ba? Yarinyar nan da ake lulluɓewa a ɗora kan doki, ana guɗa ana binta, alhali amaryar gaskiya an bi da ita ta wata hanya. Ga kuma biri-boko. Kamus ɗin Bargery na 1934 ya kawo boko da ma'anar algus da yaudara, sannan Farfesa Paul Newman ya bi diddigi a 2013 ya nuna kalmar tamu ce gadon kaka.

Ashe kenan zagi ne. Da Ɗan Hausa ya buɗe makaranta a Nassarawa ta Kano a 1909, kakanninmu suka dubi karatun nan da babu allo babu tawada, suka ce na bogi ne. Ban ga laifinsu ba, wanda ya ci ka da yaƙi ne ya kawo shi.

Abin da ke ba ni haushi shi ne mai cire 'yarsa daga aji uku yana cewa ai boko ƙarya ce. Shi kuma ranar da matarsa ke naƙuda, likita mace yake nema ido rufe, kuma 'yar boko ce za ta karɓi haihuwar.