Wasannin Kwamfuta Biyu da Yaron Hasahisa

Hasahisa gari ne a jihar Jazira ta ƙasar Sudan, a gaɓar yamma ta Shuɗin Nilu, tsakanin Khartum da Wad Madani. A ƙauyukan wannan yanki akwai Hausawa da yawa. Wasu jikokin mahajjata ne da suka yada zango ba su tashi ba, wasu kuwa aikin auduga ne ya zaunar da kakanninsu bayan da aka buɗe gonakin Jazira a 1925. A gida Hausa ake yi, a makaranta Larabci. To, idan uba a nan ya so ya samo wa ɗansa mai shekara shida ko bakwai wasan kwamfuta da zai koya masa karatu ko lissafi, me zai samu? Tambayar ba ta wasa ba ce, domin yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023 ya rufe makarantu, ya kuma iso Jazira a watan Disambar shekarar, har yara suka daɗe ba su ga aji ba. Wasanni biyu za mu duba.

Na farko shi ne Can't Wait to Learn, wanda a Sudan ɗin aka haife shi a 2012. Ƙungiyar War Child ta ƙasar Holan ce ta shirya shi tare da ma'aikatar ilimi ta Sudan da Jami'ar Mata ta Ahfad da ke Omdurman. (Asalin wannan jami'a makarantar 'yan mata ce da Babikir Badri ya buɗe a 1907 a Rufa'a, tsallaken kogi daga Hasahisa.) An yi shi ne don yaran ƙauyukan da ba makaranta. Ana ba su kwamfutar hannu da ake yi wa caji da hasken rana, su koyi lissafi bisa manhajar gwamnati, ba malami sai mai lura da su. Tsakanin 2014 da 2015 an gwada shi da yara kusan 600 a ƙauyuka 19 na jihohin Gadarif da Farin Nilu da Kurdufan ta Arewa.

Abin yabo a wannan wasa shi ne bai ɗauko duniyar wasu ya ɗora wa yaro ba. Daga zane-zanen yaran Sudan aka samo siffar ƙauyen da ke ciki, da bukkokinsa da awakinsa, kuma yara ne ke yin bayanin darasi a gajerun bidiyo. Amma da Larabci suke yi. A nan ne ɗalibin harshe ya kamata ya tsaya ya lura.

Mai kallo daga nesa zai ce ai ƙidaya ba za ta ba Bahaushe wuya ba, tunda ashirin, talatin, arba'in, hamsin, har casa'in, duk daga Larabci muka aro su. Gaskiya ne, sai dai kalmomin muka ara, ba jerinsu ba. Bahaushe yana cewa ashirin da biyar, babba a gaba, ƙarami a baya. Balarabe kuwa khamsa wa ishrin yake cewa, wato biyar da ashirin. Yaron da ya saba jin goma-goma da farko, idan ya ji biyar ta riga fitowa, yana iya zaɓar 52 a maimakon 25. Wasan zai ce ya faɗi, ya sake ba shi tambayar, alhali ba lissafi ya kayar da shi ba, harshe ne. Malami Bahaushe zai gane haka a fuskar yaro ya warware masa da kalma biyu. Na'ura ba ta da wannan ido. Ba a ce duk yaran haka suke ba. Wanda ake aike kasuwa tun yana ƙarami ya riga ya iya jerin biyu. Ƙananan da ba su fara fita daga tsakar gida ba su ne abin ji.

Na biyu shi ne Feed the Monster. Ya fito a 2017 da Larabci, daga wata gasa da ƙasar Norwe ta ɗauki nauyi domin yaran Siriya da yaƙi ya raba da makaranta. Daga baya ƙungiyar Curious Learning ta juya shi zuwa harsuna masu yawa, har da Hausa, kuma masu bincike na Bankin Duniya sun gwada shi a arewacin Nijeriya. Kyauta ne, yana aiki a wayar Android ko ba intanet. Tsarinsa mai sauƙi ne: ga ɗan dodo yana jin yunwa, yaro ya ji sauti, ya jawo harafin da ya dace ya jefa masa a baki, dodo ya yi ta girma. Maimaicin yana da yawa, ba kuma labari a ciki, amma yara ba su cika damuwa da wannan ba kamar manya.

Ga uban Hasahisa, nan ne aka yi gaba kura baya sayaki. In ya sauke na Hausa, ɗansa zai ji harshen uwarsa, amma da haruffan boko, daga hagu zuwa dama, da ɓ da ɗ da ƙ waɗanda ba zai gamu da su a littafin makarantarsa ba. In ya sauke na Larabci, haruffan su ne na makaranta da na allo, amma kalmomin baƙi ne. A ganina na Larabcin ya fi masa amfani a yanzu, in dai akwai wa ko ya a kusa da za ta riƙa fassara masa.

Wanda zai dace da shi sosai shi ne wasan Hausa da ajami. Shi ma ba a kwance yake ba. Ajamin ƙasar Hausa yana bin rubutun Magariba, inda fa ke da ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf kuma ɗaya a sama, alhali a makarantun Sudan fa ce mai ɗigo ɗaya a sama, ƙaf biyu. Duk wanda zai yi wannan aiki sai ya fara yanke shawarar wace fa dodon zai haɗiye.