Makbes: Laifin Mayu Ne, Ko Na Matarsa?

Duk lokacin da aka tayar da zancen wasan kwaikwayon Makbes, wanda William Shakespeare ya rubuta wajajen 1606, sai in ji ana ɗora laifi kan mayu uku ko kan matar jarumin. Ni dai ban yarda ba.

Mayun ba su ce masa ya kashe kowa ba. Albishir suka yi masa cewa zai samu sarautar Kaudo, sannan ya zama sarkin Sukotland. Abokinsa Banko na tsaye a wurin, shi ma aka ce zuriyarsa za ta yi mulki, amma ya yi zargin yaudara ce, bai zare takobi ba. Makbes kuwa tun bai isa gida ba tunanin kisa ya faɗo masa, har ya tsorata da kansa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Matarsa ta zuga shi, ba na musu. Ita ta goranta masa rashin mazantaka har ya kashe Sarki Dankan, wanda ɗan'uwansa ne, kuma baƙonsa a wannan dare. Amma a duba yadda kashe-kashen suka biyo juna. A na farko ya yi ta ja da baya, bayan ya aikata ma ya kasa cewa amin. A na biyu, na Banko, makasa ya ɗauka haya, ya ɓoye wa matar. A na uku ya sa aka hallaka matar Makdaf da ƴaƴansa, alhali Makdaf ya riga ya tsere Ingila, kisan bai ƙara masa komai ba. Wa ya zuga shi a nan? A lokacin matar ta fara rushewa, daga baya har tana tafiya cikin barci tana wanke jinin da babu shi a hannunta. Da aka kawo masa labarin mutuwarta, ko hawaye bai yi ba. A ganina ƙarfin wasan ke nan: muna kallon tsoron rasa kujera yana cinye imanin mutum kaɗan-kaɗan.

Sai dai ina da ƙorafi guda. A tarihi, a fagen yaƙi Dankan ya mutu a 1040, Makbes kuma ya yi mulki har 1057. A littafin tarihin Holinshed, inda Shakespeare ya samo labarin, da hannun Banko a kisan. Marubucin ya wanke shi tas, kuma an san Sarki James na Ingila, ubangidan ƙungiyar wasansu, yana danganta kansa da Banko. Ina zargin wanda ya tona mana asirin son mulki, shi ma sai da ya kiyayi fushin mai mulki.