Takobi, Gatari da Mashi: Zagayen da Ya Cika Wasannin Kwamfuta

Idan Audu ya fi Bala tsawo, Bala kuma ya fi Garba, to Audu ya fi Garba, magana ta ƙare. Nasara a wasa ba ta bin wannan doka, kuma masu ƙera wasanni sun daɗe suna cin gajiyar hakan.

Bradley Efron, masanin ƙididdiga a Jami'ar Stanford, ya tsara ƙwayoyi huɗu irin na ludo, Martin Gardner ya yayata su a mujallar Scientific American a 1970. Ta farko tana da 4 a fuska huɗu, 0 a fuska biyu. Ta biyu 3 ce ko'ina. Ta uku tana da 6 biyu da 2 huɗu, ta huɗu kuwa 5 uku da 1 uku. Ta farko na cin ta biyu sau biyu cikin uku, haka ta biyu ke yi wa ta uku, haka ta uku ke yi wa ta huɗu. Sai ta huɗu ta juyo ta kayar da ta farko da wannan rinjayen dai. Duk wadda abokin wasa ya ɗauka, maganinta na kan tebur. An ce Warren Buffett ya taɓa ɗana wa Bill Gates wannan tarko, ya ba shi zaɓin farko. Gates ya jujjuya ƙwayoyin, ya ce a'a, Buffett ya fara.

Wasannin kwamfuta ma na amfani da irin wannan zagaye. A 1996 wasan Pokémon ya fito da wuta mai cin ciyawa, ciyawa mai cin ruwa, ruwa mai kashe wuta. A shekarar ce Fire Emblem ya shigo da nasa: takobi ya fi gatari, gatari ya fi mashi, mashi ya fi takobi. Dalilin a fili yake. Da zarar makami ɗaya ya gagari sauran, kowa shi zai ɗauka, wasa ya mutu.

Sai dai dabarar ta fara zama hanyar gudun wahala. Wasanni da yawa yanzu suna manna wa kowane jarumi launi ko tambari, su ce ja ya fi kore, shi ke nan. Mai wasa ya haddace jadawali, a gama faɗa tun wurin zaɓen jarumi, kafin a kai ko bugu ɗaya.

Age of Empires II na 1999 ya fi su hikima. A can ma 'yan mashi maganin dawakai ne, dawakai na tattake maharba, maharba na zube 'yan mashi. Amma rinjayen maharba daga nisan harbi yake fitowa, na dawakai daga gudu. Maharban da suka fake bayan ganuwa sukan gagari mahaya, 'yan mashin da suka makara kuwa sai su tarar dawakai sun gama ɓarna a gonaki sun wuce.