Jinjina ga Tsofaffin Matan Gida

Idan kaka ta yi nisa, an gama yankan dawa, hunturu ya fara busar da leɓe, nakan tuna da tsofaffin matan gidajenmu, waɗanda ko da yake ba su riƙi alƙalami ba, sun haddace lokacin haihuwar kowane jika da nasabarsa. Sai ka iske gwaggo a kan tabarma tana ɓarar gyaɗa, ta ce an haifi wane ana sussuka, shekarar da Naira ta maye gurbin fam, wato 1973, kuma in an bincika hisabinta bai kauce ba. Haƙiƙa hidimarsu ta cancanci yabo. Wanda nasa ke raye, ya tambaye su, ya rubuta.